Sil ɗin bakin giya na Golf 3 ya sake zuba, wanne zan saya?

Direban Jega:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina roƙon masu gyara da waɗanda mota ta daɗe a hannunsu su taimaka mini da shawara.

Golf 3 gare ni, wagon, injin 1.8, giyar hannu. Da ita nake lodi daga Jega zuwa Koko har Yauri, in fasinja ya yi wuya kuma in leƙa Aliero in ɗauko albasa. Cin gidana da kuɗin makarantar yara duk a kanta suke. Tun bayan ƙaramar sallah take ɗigar da mai ta gefen direba, daidai inda shaf ya haɗu da giya. Ba baƙin man inji ba ne. Wannan kalarsa ruwan zuma, warinsa kuma mai hawa kai, duk wanda ya taɓa shinshina man giya ya san shi. Ba giris ɗin shaf ba ne kuma, domin robar lafiyarta ƙalau, na matsa ta ko'ina ban ga tsaga ba.

Na kai ta gareji aka ce sil ne, wato zoben robar da ke hana mai fita. Yaron gareji ya hau babur ya sayo, aka sa. Wata bai ƙare ba ɗigon ya dawo, har ya fi na da. Yanzu duk inda ta kwana sai na tarar da tabo a ƙasa, ƙurar hanya kuma ta manne a jikin giyar ta yi baƙi ƙirin.

Wannan karon na ce da ƙafata zan je shago. Mai shago ya zube mini guda uku a kan kanta, ya ce duk na Golf ne. Ɗaya baƙi ne a leda, babu ko harafi a jikinsa. Ɗaya baƙi ne a kwali, da lambobi a bayansa. Na ukun ruwan ƙasa ne, da 'yar kibiya a jikinsa, kuɗinsa ya ninka na ledar sau uku, wai shi ba ya jin zafi. Da na ɗora su kan juna faɗinsu ɗaya a idona, sai dai na ledar bai kai sauran kauri ba. Na tsaya ina juya su, na rasa na ɗauka, na ce masa zan dawo.

Wani abu kuma: wanda ya sayar mini da motar ya faɗa mini tun farko cewa giyar ba tata ba ce, ta Beljiyam aka ɗaura mata.

To wanne zan saya? Sil ɗin hagu da na dama iri ɗaya ne, in saya biyu a canza gaba ɗaya? Kuma zan iya ci gaba da lodi ina ƙara mai kafin in samu sarari? Ina tambaya ne saboda kwanan nan in na sa ta a lamba biyar bayan na wuce Koko, ina jin wani ɗan kuka siriri da ba ta yi a da.

Ɗan Kamba mai Sharon:

Oga, ka ɗauki ruwan ƙasan nan kawai, mai tsada ai shi ne mai kyau. A shafa masa gam a zagaye kafin a buga shi. Sannan ka zuba mata man giya mai kauri, 140, ba ya samun hanyar fita. Haka muke yi a tasharmu.

Tsohon bakanike, Argungu:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar sil, aje motar ga. Kukan lamba biyar ya fi ɗigon tada mani hankali. A giyar Golf irin wagga, haƙoran lamba biyar suna can ƙarshen akwati a ɗakinsu daban, su ne na farkon da mai ke bari in ya ragu. Duka man da ke cikinta kusan lita 2 ne. Mota mai lodi, hanya doguwa, rana ta Kebbi da ke wuce digiri 40 da bazara, ba ta da ragowar da za ta zubar. Ka tsaida ta wuri mai daidai, a kwance notin zuba mai na gefen giya da alanki mai lamba 17. Mai ya kamata shi tsaya a bakin ramin. In ka sa yatsa ba ka taɓo shi ba, kada ka ɗauki ko mutum ɗaya sai an cika.

Ɗana na Kamba, ka yi haƙuri, 140 ba magani ba ne. Ɓoye ciwo ne. Volkswagen 75W-90 sunka ce a zuba wa giyar ga, nau'in GL-4. Mai kauri da sanyin hunturu sai ka yi kokawa kafin giya ta shiga, kuma bai kaiwa inda ake bukatarsa da wuri. Gam kuwa bayan sil ake shafa shi, alhali galibi ta leɓen ciki mai ke bi, inda ƙarfe ke juyawa. Ina gam ina wurin?

Yanzu sil. Maganar "na Golf ne" ba ta isa a ba da kuɗi ba. An ƙera Golf 3 tun 1991, wagon irin taka ta fito 1993, kuma giyar hannu iri uku anka fi ɗaura masu: 085 ga ƙananan inji kamar 1.4, 020 ga irin 1.8 ɗinka, 02A ga manya kamar TDI da VR6. Kowacce da kayanta. Da giyar kamfani ce a motarka, sai in ce ka ɗaga shimfiɗar but, wajen safaya taya akwai farar takarda manne mai ɗauke da haruffan inji da na giya. Amma tunda an canza ta, takardar ga ta daina yi maka amfani, lambar casis ma haka. Giyar da ke jikin mota yau ita za ka saya wa sil, ba wadda ta baro Jamus da ita ba. Motocinmu na haya kaɗan ne ba a taɓa yi wa wanga canji ba, shi ya sa masu kaya da direbobi ke ta saɓani.

Gane ta babu wuya. In kulocinka na waya ne, wayar ta zo ta kama wani hannu a ƙarshen giya, sandar giya kuma ƙarfe ce ba kebul ba, to 020 ce. A goge ƙoƙon da ya rufe kuloci ta ƙasa, akwai wuri mai santsi inda anka buga haruffa da lambobi. Ka rubuta su a takarda ka sa aljihu.

Sil awo uku gare shi, duk da milimita: kaurin ƙarfen da ke juyawa a cikinsa, faɗin ramin da ake buga shi, da kaurinsa shi kansa. In ka ga an rubuta, a misali, 35x55x8 a bayan sil, abin da ake nufi ke nan. Misali na kawo, ba awon motarka ba. Ido bai ganin bambancin milimita ɗaya, mai kuwa shina gani. Kuma kada a auna leɓen tsohon sil, domin an yi shi ya matse ƙarfe ne, sabo ya fi ƙarfen ƙanƙanta, tsoho kuma ya cinye. Ƙarfen ake aunawa da kalifa, wato ma'aunin kauri da faɗin ƙarfe, a auna ramin. In garejinku babu kalifa, masu injin tona, wato na feƙe ƙarfe, suna da ita.

Wancan mai kibiyar shi nake so ka yi hattara da shi. Akwai sil da anka yi wa ƙananan zane a leɓe don su riƙa maida mai ciki in ƙarfe na juyawa ta gefen da kibiya ta nuna. Irin su ake sa wa inji, inda juyi hanya ɗaya ne. In ka sa shi inda ƙarfe ke juyawa saɓanin kibiyar, zanen ga waje za shi riƙa turo man. Shaf kuwa in ka dubi na hagu daga waje ka dubi na dama daga waje, juyinsu ya saɓa. Sil mai kibiya ɗaya da ba a tabbatar na wurin ba ne, komai kyawonsa ka bar shi.

Abin da na fi zargi dai shi ne filanji, wato faifan ƙarfen da ake ɗaure shaf a jikinsa da noti shida. Wuyansa ne ke juyawa cikin sil. Shekara da shekaru da yashin hanyoyinmu, leɓen roba kan yi wa ƙarfe zobe. In an ciro shi ka ja farcenka a kan wuyan. In farce ya maƙale, sabon sil a kansa kamar sabon marfi ne a tukunya mai ɓallen baki. Kafin a kwance kuma ka kama filanjin ka jijjiga shi sama da ƙasa, in wasan ya yi yawa boris ɗin ciki ne, wannan kuwa sai an sauke giya. A leƙa 'yar kafar numfashi da ke saman giyar ma. In laka ta toshe ta, iska ta yi zafi a ciki, dole ta nemi hanya ta bakin sil.

Ka je ka duba ka dawo mana da labari.

Direban Jega:

Baba, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya. Na bi maganarka. Da aka kwance notin, yatsana bai taɓo mai ba sam. Jikina ya yi sanyi, domin da wannan halin na taso daga Yauri da mutane cike.

Kulocin na waya ne, 020 ce. Haruffan na nan ƙasan ƙoƙo kamar yadda ka ce, sai da aka wanke da kananzir suka fito, kuma ba su yi daidai da na takardar but ba. Filanjin bai da wasa sosai, kafar numfashi a buɗe take. Amma wuyansa, Baba, ba sai an sa farce ba, ido ma na ganin zoben. Sil ɗin da aka sa mini kwanaki kuwa irin na ledar nan ne, leɓe ɗaya gare shi, kuma gefe guda ya fi nutsewa, da alamar bakin ƙarfe a jikinsa inda aka buga shi.

Motar na kan jak yanzu. Ke nan filanji zan nema da sil. Akwai mai sayar da kaya a nan da zai gaya mini abin da zan ce a shago?

Mai sifiya, Birnin Kebbi:

Malam direba, sannu da wannan jarrabawa, Allah Ya kiyaye gaba. Ni sana'ata ke nan, daga Ƙofar Ruwa a Kano nake ɗauko yawancin kayana, bari in faɗa maka yadda abin yake ta ɓangarenmu.

Mutum zai aiko yaro ba tsohon sil, ba lamba, ya ce a ba shi na Golf mai sauƙin kuɗi. Me za ka ba shi? Araha ba ta ado, amma ita ake tambaya. Wanda ya zo da tsohon kaya a leda da lamba a takarda, ko mai shago ba ya son gaskiya, ba shi da hanyar kauce masa.

Ka tafi da filanjin a hannunka. Giyar 020 ta daɗe, tun kafin Golf 3 ake yin ta, kuma filanjinta akwai mai faɗin milimita 90, akwai mai 100. In ka sayo wanda ba naka ba, notin shaf ba za su hau ramukansa ba. Na Beljiyam za ka samu, to shi ma ka ja masa farce tun a shago, domin wani ya fi naka cinyewa.

Sil kuma, ka tambayi wanda ke zuwa a haɗe da marfin tsakiyar filanji da kilif. Wannan marfin huda shi ake yi a cire, ba ya komawa, kuma in aka lallaɓa tsohon aka mayar, mai zai iya bi ta nan ya shiga cikin shaf ya wanke giris. Lambar kayan Volkswagen tara ce, kashi uku-uku, wani lokaci da harafi a ƙarshe, kuma ukun farko kan nuna giyar da aka yi wa kayan. Taka ka ga 020 a gaba. Kamfanonin da aka sani da sil mai kyau akwai Corteco da Elring na Jamus, da NOK na Japan wanda ya fi yawa a motocin Japan.

Leɓe ɗaya bai dace da hanyarmu ba. A sil na gama-gari za ka ga an rubuta SC ko TC. SC leɓe ɗaya ne, mai tare mai. TC yana da na biyu ta waje, mai tare ƙura da ruwa. Wanda ke bin Jega zuwa Yauri rani da damina, leɓe biyu ne nasa.

Batun kala, nan ake cin mutane. Gaskiya ne akwai roba iri-iri: NBR tana jure zafi zuwa wajen digiri 100, Viton kuma zuwa wajen 200, kuma Viton sau da yawa ruwan ƙasa ake yin ta. Amma kala rini ce, mai jabu ma ya iya. Giyar hannu ba ta ɗaukar zafi irin na inji, baƙin sil na kirki ya ishe ta. Ni na fi yarda da hannuna. Ka duba rubutun jikinsa, na kirki harafinsa fes yake fitowa. Ka juya shi ka ga siririn sifirin da ke zagaye da leɓe yana nan zaune. Ka danna leɓen da babban yatsa, ya dawo nan take, gefensa ba gashi-gashi. Wanda ya daɗe rataye a rana ya bushe, ko na asali ne kada ka karɓa.

Na dama kuma, in bai jiƙe ba ni dai sai in ce a bar shi.

Malama daga Gusau:

Salamu alaikum. Ku yi mini afuwa na shigo maganar maza. Tawa Corolla ce ta 2010, otomatik, ita ma tana jiƙewa wajen shaf na gefen fasinja, amma man ja-ja ne. Mai gyara ya ce in kawo kuɗin sil biyu iri ɗaya. Abin da aka faɗa wa Malam direba ya shafe ni, ko tawa daban ce?

Mai sifiya, Birnin Kebbi:

Hajiya, zaure na kowa ne. Ka'idar ɗaya ce, hanyar ce ta bambanta. A Corolla da Camry na hagu da na dama ba iri ɗaya ba ne, kowanne da lambarsa, don haka kada a sayo miki biyu iri ɗaya. Ki buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, inda aka rubuta A/TM nan lambar giyarki take. Ki ɗauki hotonta da lambar casis, haruffa da lambobi 17 ne. In ba a taɓa canza giyar ba, su biyun sun wadatar. Lambar irin wannan sil a Toyota da 90311 take farawa, kuma ki ce na gefen fasinja kike so.

Taki ba ta da filanji, shaf ɗin ne ke shiga cikin giya kai tsaye. Ki ce wa mai gyara ya tallafe shi sosai wajen turawa, domin haƙoran bakin shaf kan yanke sabon leɓe tun motar ba ta tashi ba. Man da ya zube kuma a mayar da irin wanda aka rubuta a littafin motar ko a sandar awon man giya, Toyota na da T-IV, tana da WS, ba a musanya su da ka.

Direban Jega:

Jama'a, na gode ƙwarai. Filanjina mai 100 ne, na samu na Beljiyam mai wuya sumul, na sayi sil a haɗe da marfi da kilif. Na tsaya a kan aikin har aka gama. Gefen sifirin ya kalli cikin giya, an shafa mai a leɓe da ɗan giris tsakanin leɓunan biyu, an buga shi da guntun bututu mai faɗinsa har ya zauna daidai ko'ina. Da dogon noti aka jawo filanjin ya danne sifirin ɗin bayansa kafin kilif ya shiga, ba a sa guduma ba. An zuba 75W-90 har bakin rami. Na je Yauri na dawo, na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana, bai jiƙe ba. Alhamdu lillahi.

Sai dai Baba, kukan lamba biyar ya ragu amma bai tafi ba. Dole sai an sauke giya gaba ɗaya?

Tsohon bakanike, Argungu:

Madalla, ƙanena. A'a, ba dole ba. A 020 ana iya cire tayar gefen direba a buɗe marfin ƙarshen giya tana jikin mota, a duba haƙoran lamba biyar da boris ɗinsu. Kafin nan ka ba ta mako guda kana saurare. In kukan na ƙaruwa, ko sanda ta fara tsalle tana fita daga biyar in ka ɗaga ƙafa, ka tsaya a lamba huɗu ka kawo ta gareji. In an tsiyaye man, a tare shi cikin farin kwano ka duba da idonka ko akwai garin ƙarfe, ka gaya mani abin da ka gani.